Inda Kibiyar Maikasuwa Take Zuwa

A Kazaure, idan ka ga katin ɗaurin aure an kewaye shi da zayyana, ganye na bin ganye ba ka gane inda ya faro, ba sai ka tambayi wanda ya zana ba. Aikin Malam Maikasuwa ne. Zauren gidansa shi ne shagonsa: tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta da yake lulluɓewa da tsohon zane, sai bencin masu jiran aiki. Daga Roni ake zuwa, daga Gwiwa ake zuwa, masu suna da masu walimar sauka da 'yan ƙungiya masu son kalanda.

Sunansa na yanka Muhammadu Lawal, amma ranar kasuwar Babura aka haife shi, laƙabin kuwa ya bi shi har furfura. Tun yana makarantar allo hannunsa ya fita daban, shi ake ba zayyanar allon masu sauka. Da ya girma sai ya koma tasha, yana fentin manyan motocin da ke ɗaukar hatsi da dabbobi. Zaki, mikiya, furanni, karin magana a goshin mota, duk ya yi. Har daga tsallaken iyaka direbobi kan kawo masa mota su kwana a Babura suna jiran fenti ya bushe.

Sai hannun ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, shi kaɗai ya sani. Ranar da ya ja layi a ƙofar motar Daudu, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, layin ya fito kamar sawun maciji, ranar ya sauko daga tsani, ya wanke buroshinsa, ya naɗe su a tsumma. Bai sake kwance tsumman ba.

Ya daɗe yana zaune ba sana'a kafin ya kwashe iyalinsa ya dawo Kazaure. Nan ya shiga koyon kwamfuta cikin samari sa'annin 'ya'yansa, suna ce masa Baba, yana ce musu malamai. A can ya gano wani abu da ya mayar masa da ransa: idan ya kwantar da tsintsiyar hannunsa a kan tebur ya dafa maus, hannun ba ya rawa. Shi bai taɓa ce masa maus ba, linzami yake cewa. Ya ja linzami, 'yar farar kibiyar nan ta fuskar kwamfuta ta bi. Ya tsaya, ta tsaya. Kuma har yau daga dama yake fara zayyanarsa, yadda aka koya masa a jikin allo. Ya kan tura kibiyar can ƙarshen gefen dama, sannan ya taho da ganyensa a hankali zuwa hagu.

Hoton da ya sa a fuskar kwamfutar tsoho ne: shi ne yana saurayi, da ƙaton wando da suma, ya jingina da motar Daudu bayan ya gama mata fenti.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yarsa ta fari, Sadiyya, ta dawo gida goyon ciki, ta haifi 'ya mace aka sa mata Yasmin. Maikasuwa bai taɓa kiran sunan Sadiyya ba tun da aka haife ta, “yarinyar nan” yake cewa, kunyar ɗan fari. Mijinta kuwa, Jalaluddeen, mai gyaran kwamfuta ne a cikin gari, yaro mai ladabi har ya so ya yi yawa. In ya hango surukinsa a kan hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa, shi kuma Maikasuwa ya amsa gaisuwar yana kallon wani wuri. In zai zo duba mai jego, sai ya daidaici an tafi masallaci ya wuce zauren da sauri kamar wanda ya ɗauko wuta. Tun da aka yi auren, maganarsu ba ta taɓa wuce “an wuni lafiya” ba.

Washegarin suna Maikasuwa ya raka baƙinsa Babura ya wuni can. Da ya dawo matarsa Tasalla, wadda yake kira Ta-Roni saboda garinsu, take gaya masa mata sun sha kallon hotunan suna a talabijin ɗin ɗakinta, mijin yarinyar nan ne ya haɗa musu. Ya ce madalla, bai tambayi yadda aka yi ba. Ina ruwansa da harkar suruki?

Ba a daɗe ba Daudu ya kawo aiki. Tsofaffin direbobin Babura ne suke son kalanda, da hoton nan na Maikasuwa da tsohuwar motar Daudu a tsakiya, a kewaye ta da zayyana irin ta da.

“Irin ta da nake so, Mai-fenti,” in ji Daudu. “Ba irin layin macijin nan da ka yi mini na ƙarshe ba.”

“Ai motar ce ta ga direbanta ba ya tafiya miƙe, ta ce a yi mata daidai da shi.”

Daudu ya yi dariya ya tafi. Maikasuwa ya buɗe manhajar zanensa, ya yi bisimilla, ya tura kibiya gefen dama zai fara ganyen farko. Sai ya nemi kibiya ya rasa.

Ya motsa linzami. Babu. Ya ɗaga shi ya hure ƙarƙashinsa, ya goge da bakin riga, ya sake ajiyewa. Babu. Ya shiga juya shi da sauri, sama da ƙasa, yana kewaye teburin da shi, can sai ga ta ta ɓullo daga gefe kamar ba ta je ko'ina ba. Ya ce ƙila datti ne. Ya sake tura ta, ta sake ɓacewa.

Ya yi duk abin da aka koya masa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya zare wayar linzamin ya mayar. Ya ɗauko wani tsohon linzami daga akwati ya gwada, ya shimfiɗa masa farar takarda. Duk ɗaya. Abin da ya fi ɗaure masa kai, wata rana lafiya lau zai wuni yana aiki da ɗan janaretansa, wanda shagon kaɗai yake ba wuta, kibiya ba ta yi masa gardama ba. Amma da zarar an kawo wutar gari, ƙwan saman teburin ya haska, sai ta fara wasan ɓuya.

Nan ne zuciyarsa ta tsinke. Mahaifinsa haka ciwon ido ya fara masa, haske ne ke kashe masa gani, ya kan ga babban abu ya rasa ƙarami. Maikasuwa ya ce a ransa: ashe kibiyar tana nan, ni ne ba na ganinta. Hannu ya raba ni da buroshi, yanzu ido ya zo karɓar linzami.

Mutum ɗaya ne a kusa da zai iya duba kwamfutar cikin ɗan lokaci, shi ne wanda ke wuce zauren da gudu kowace yamma. Amma da wane baki zai kira mijin 'yarsa ta fari ya zaunar da shi a kujerarsa, kafaɗa da kafaɗa? In kuma ya kira wani mai gyaran, gari zai ce ya raina surukinsa. Ga wani tsoron da ya fi waɗannan: kada mai gyaran ya zo ya nuna da yatsa ya ce, “Baba, ai ga ta nan.”

Sai ya daina barin kowa ya zauna kusa da shi in yana aiki, shi da aka sani da son mai aiki ya zauna ya ga zanensa na girma. Ya fara mayar da masu kati, yana cewa aiki ya yi masa yawa. Ya rage cin abinci. Ko jikar tasa, da yake shiga kullum yana tsokana da “amaryata, yau ma ba ki yi mini girki ba?”, sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya leƙa ya juyo. Ya yanke a ransa zai lallaɓa ya gama kalandar Daudu, tunda da motarsa ya rufe waccan sana'ar, da ita zai rufe wannan.

Wata la'asar Daudu ya faɗo zauren ba sallamar kirki, ya zauna a benci ya ƙi tashi.

“An ce ka koma aikin asiri, kana rufe ƙofa. Ina kalandata?”

“Tana hanya.”

“Hanyar Roni ko ta Makka? Ganye uku na gani tun wancan zuwan.”

An kawo wuta a ranar, kibiya kuma ta tafi yawonta. Maikasuwa ya daɗe yana juya linzami. Can ya yi ta maza, ya rage murya.

“Daudu, matso. Dubi nan. Kana ganin wata 'yar farar kibiya?”

Daudu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya kanne ido ɗaya, ya sake kanne ɗayan.

“Ban ga komai ba.”

Maikasuwa ya ji sanyi ya fara sauko masa. “Ka tabbata?”

“Na tabbata ban gani ba. Amma fa kada ka dogara da ni, na bar tabarau a Babura. Ɗazu a tasha na gaida buhun gero, na ɗauka Alhaji Sama'ilu ne.”

Sanyin ya koma inda ya fito. Maikasuwa ya saki linzamin ya miƙe. “Jira ni,” ya ce, ya shiga cikin gida.

Ya tarar da Tasalla a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, abin da ba ya yi da rana. Ta kalle shi ta ajiye faifan.

“Ta-Roni, magana ce da ni.”

“Na san da ita, Malam. Jira nake ka kawo ta da ƙafarka.”

“Zan rufe shago.”

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

“Idona ne. Irin na marigayi mahaifina. Ina ganinki, ina ganin faifan nan, amma ƙaramin abu ya fara guje mini. Akwai wata 'yar kibiya da nake aiki da ita, ita ce hannuna a cikin kwamfutar. Sai ina cikin aiki in neme ta in rasa. Tana nan, ni ne ba na ganinta. Ban so in gaya miki ba sai an gama wankan yarinyar nan.”

Tasalla ta ɗan karkata kai. “Kibiya? Fara, 'yar mitsitsiya, mai kai kamar tsinin mashi?”

“A ina kika san ta?”

“Ai kullum tana ɗakina.”

Ya zuba mata ido. Ta miƙe ta ɗaga labule. “Shigo ka gani.”

Ta ɗauki rimot ta danna wani maɓalli, tashar da ke ciki ta ɗauke. Sai ga Maikasuwa saurayi ya cika fuskar talabijin, da ƙaton wandonsa da sumarsa, ya jingina da motar Daudu.

“Tun ranar kallon hotunan suna yake nan,” in ji ta. “Ina neman tashar wa'azi na danna kuskure, sai na gan ka. To ni ban taɓa samun hoton nan da girma haka ba. In an kawo wuta na gama aikina, sai in kunna in zauna.” Ta gyara mayafi, ba ta kalle shi ba. “Ina zaune sai in ga 'yar kibiyar ta shigo ta nan gefen. Ta hau taya, ta hau ƙofa, wani lokaci ta sauka a kan hancinka. Na ɗauka kai ne kake aiko ta, ka san ina kallo.”

“Ni nake aiko ta?”

“Haka na ɗauka. Da farko tafiya take a natse. Kwanakin nan kuwa sai ta shigo tana zagaye kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya, ta bugi nan ta bugi can. Na ce lallai Malam na cikin damuwa. Shi ya sa na ƙara maka man shanu a tuwo, ka dawo mini da shi.”

Maikasuwa ya leƙa bayan talabijin ɗin. Wata baƙar waya ce ta fita ta tagar da ke tsakanin ɗakin da zaure. Ya ɗaga murya kaɗan.

“Daudu, dafa linzamin nan ka tura shi dama.”

“Wane ne linzamin? Ɓeran nan?”

“Shi. Tura shi wajen hannunka na cin tuwo, in ka san shi.”

Sai ga ta. Ta shigo daga gefen hagun talabijin tana tangaɗi irin tuƙin Daudu, ta haye tayar gaba, ta tsaya a kan ƙofar motar. Daga inda Maikasuwa yake tsaye, tsakiyar ɗaki, yana ganinta tar, har baƙin layin da ya kewaye ta. Ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, yana ganinta. Ya rufe ido ɗaya, yana ganinta. Ya rufe ɗayan.

“Alhamdu lillahi,” ya ce a hankali. Ya zauna a bakin gado, ya sake faɗa.

Tasalla ta ce, “Wato duk ramar nan a kan wannan ce? Da ka tambaye ni ai da na ce maka tana wajena.”

“Wa zai ce kibiya ta san hanyar ɗakin matar gida?”

Daga ɗaya ɗakin aka ji dariyar Sadiyya, ta yi maza ta danne.

Saƙo ya tashi daga Tasalla zuwa Sadiyya, daga Sadiyya zuwa wayar mijinta. Kafin magariba Jalaluddeen ya iso, ya ajiye babur can nesa, ya cire takalmi, ya durƙusa a wajen zauren yana kallon ƙasa. Maikasuwa na ciki a kujerarsa yana kallon firinta. Daudu ya gyara zama a bakin ƙofa tsakaninsu, ya ga ranar da Allah ya ba shi.

Jalaluddeen ya ce, “Kawu, a gaya wa Baba a yi mini afuwa. Ni na haɗa wayar ranar kallon hotuna, na ji motsin dawowarsa na fita ban cire ba.”

“Mai-fenti, an ce a gaya maka tsoronka ne ya jawo.”

“Ka ce masa babu komai.”

“An ce babu komai, amma an yi rama.”

“A gaya wa Baba, kwamfutar ɗauka take fuska biyu gare ta, ta teburinsa da talabijin, an jera su gefe da gefe. In kibiya ta wuce ƙarshen dama sai ta faɗa waccan. In babu wutar gari talabijin a mace yake, shi ya sa ba ta samun wurin zuwa.”

“An ce kibiyarka ta fi ka zumunci.”

Maikasuwa ya yi gyaran murya. “Tambaye shi, in ta tafi, yaya ake dawo da ita?”

“A ja linzamin hagu, a miƙe, kada a zagaya. Za ta dawo. In kuma an cire wayar, shi ke nan, ba za ta ƙara fita ba. In Baba ya ba da izini, in an tafi masallaci sai in shiga in cire, in kuma ƙara mata girma yadda za ta fi fitowa.”

Maikasuwa ya kalli baƙar wayar da ta bi bayan teburinsa ta haura taga. A bayan tagar ya ji ƙarar faifai, ya san akwai mai saurare.

“Ka ce masa girman, a ƙara. Wayar kuma a bar ta.”

Daudu ya juyo. “A bar ta? Ita da ta kusa rufe maka shago?”

“Kai dai faɗa masa. Kuma ka ce Allah ya yi albarka.”

Wannan Daudu bai ƙara masa komai ba, ya faɗe shi yadda aka ba shi. Jalaluddeen ya ce amin, kansa na ƙasa.

Kalandar ta fita kafin a gama wankan jego. Ganyen zayyanar ya taso daga dama ya kewaye motar ba tangarɗa, Daudu ya sa tabarau ya bi layin da yatsa yana neman inda zai yi tsiya, bai samu ba, sai ya ce wandon hoton ne ya ɓata aikin. Bencin masu jira ya sake cika, aka koma zama kusa da Malam ana kallon ganye na tsirowa.

Sai dai masu kawo aiki sun lura da wata sabuwar ɗabi'a. In an kawo wuta, yana cikin zane, sai ka ga ya tura linzami dama har kibiya ta fice daga fuskar kwamfutar, ya ɗan kaɗa shi a hankali, ya dakata, sannan ya jawo ta ya ci gaba. Wata mata daga Gwiwa da ta zo katin suna ta kasa haƙuri ta tambaya.

“Malam, ina take zuwa ne?”

“Cikin gida,” ya ce, idonsa na kan aikinsa. “Yanzu za ta dawo.”

Daga bayan taga muryar Tasalla ta fito: “An gan ta. Ka ce wa baƙuwar ga fura nan zuwa.”